Akwatin Matan Dulkera

Ƙasa tana iya yin ƙarya? Rishal mai bin sawu ya shekara arba'in yana cewa ba ta iyawa, sai dai mutum ya karanta ta ba daidai ba. Amma tun shekarar da aka yi zaɓen kansiloli cikin sanyi, in an yi masa wannan tambaya sai ya sunkuyar da kai yana gyara garwashin tukunyar tabarsa. Mai ba da labarin nan ma ya juya ta iya juyawa, bai samo amsa ba.

Dulkera ƙauye ne da Delhi ta riga ta haɗiye a takarda, ko da yake har lokacin gonakin alkama ne ke kewaye da shi. Mutum biyu ke neman kujerar gundumar. Ɗaya Caudari Zile Singh, mai rabin gonakin ƙauyen, alamarsa doki. Ɗayan Lala Kishori, mai kantin magani a sabuwar unguwa, alamarsa tulu. Shi ya yi alkawarin kawo famfo da rufe shagon giyar da ke bakin titi. Shagon kuwa na Hoshiyar ne, ƙanen Caudari.

A makarantar firamare aka yi zaɓen, maza a wani aji, mata a wani, kowane ɓangare da akwatinsa. Da yamma ruwa ya kece, motar da za ta kwashi akwatunan ta kafe a laka can wajen gada. Aka kulle su a ofishin hedimasta, aka bar ɗan sanda ɗaya da mai gadi. Da gari ya waye na maza yana nan. Na mata babu shi.

*

Ko shayinsa Rishal bai shanye ba aka zo kiransa. Surukarsa Murti, matar ɗansa marigayi, tana tatsar Kali, ɓaunar da suke kiwo, a tsakar gida, mayafinta a sauke har ƙirji kamar yadda matar ɗa ke yi a gaban uban miji. Ya ɗauki sandarsa ya fita, shayin ya huce a inda ya ajiye shi.

A makaranta ya tarar an riga an sami ɓarawo. Sukai mai gadi, mutumin gabas da ya zo aikin toya bulo shekara tara da suka wuce ya zauna, yana ɗaure jikin darbejiya, leɓensa a fashe, ƙafarsa ba takalmi.

"Ga Tau Rishal nan," in ji wani. Kowa Tau yake ce masa, wato baba babba, har waɗanda suka kusa sa'arsa.

"Ga ni, ga ku kuma kuna sussuka a kan aikina. Duk wanda ke tsaye ya tsaya inda yake."

Ya zagaya bayan ofishin. Sakatar ƙofar baya ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita, an zare ta an ajiye a kan taga. A cikin lakar da ke bakin ƙofar ga sawu nan kwance, takalmin taya, diddigen hagu da faci.

Caudari ya biyo shi, ya naɗe cikin bargo. "Ka gane takalmin?"

"Na gane. Na Sukai ne."

"To mun gama."

"Takalmin na ce na gane, Caudari. Ƙafar da ke ciki ban gan ta ba tukuna."

"A garinku takalmi yana yawo shi kaɗai ne?"

"Garina garinka ne."

Sukai ya yi magana daga jikin bishiya. "A baranda na cire su, Tau, kamar kullum. Ba na shiga ɗakin karatu da takalmi. Na farka babu su. Na rantse da 'ya'yana."

"Leburorin bulo na bukkokin can duk 'yan tulu ne," in ji Caudari. "Sun san matanmu ɗari uku doki suka buga wa, shi ya sa suka ɗauke akwatin. Ƙuri'ata aka sace, Rishal."

Ɗan sandan, Udmi Ram, yana zaune a kan matakala ya dafe kai. Rishal ya sunkuya kusa da bakinsa ya shaƙa.

"Wa ya ba ka?"

"Sanyi ake yi, Tau."

"Ban tambaye ka labarin sanyi ba."

"Hoshiyar ne ya aiko da kwalba."

*

Sawun an yi shi ne bayan ruwa ya ɗauke, gab da wayewar gari, don gefensa a tsaye yake, ba ɗigo ko ɗaya a ciki. Rishal ya bi shi a sunkuye, maza wajen hamsin suna binsa a baya suna taka abin da ya wuce. Takun gajere ne, diddige ya nutse, kuma a miƙe yake sak kamar an ja zare. Bakin takalmin yana jan laka kaɗan a kowane taku. Ya yi wa mai shi yawa ke nan.

A tsakiyar ƙauye sawun ya yi abin da ya tsaya wa Rishal a rai. Nan ne caupal yake, babban dakalin da dattawa ke zama da tukunyar taba ana yanke shari'a. Hanya ta wuce ta gabansa, mai faɗi, a miƙe. Sawun ya bar ta ya shiga wani siririn lungu ta bayan dakalin, gefen kwata, sannan ya dawo kan hanya can gaba. Me zai sa ɓarawo da kaya ya ƙara wa kansa tafiya, gari na wayewa?

A lungun yumɓun ya fi laushi, taku biyu suka fito cif kamar an zana. Ya sa aka kawo babban daro ya kifa a kansu, ya ɗora dutse.

Daga nan sawun ya miƙe har matoyar bulo, ya hau tarkacen jan bulo ya ɓace. Takalman suna yashe cikin wani rami. Daga ƙofofin bukkoki matan leburori suka leƙo, suka ja 'ya'yansu ciki.

"Dokar kakanni ka fi kowa saninta," in ji Caudari. "Inda sawu ya mutu, mutanen wurin ke biya. Faɗi kalmar."

Rishal ya lura mutum biyu a baya suna riƙe da galan na kananzir.

"Sawu bai mutu ba. Bulo ya hau."

"Kada ka yi mini wayon tsofaffi. Sufeto zai iso da faɗuwar rana in hanya ta bushe, ni kuma ba na son ya tarar da saura aiki. Ko akwati ya fito, ko Sukai ya rasa ƙafafun da ya sa takalman nan, bukkokin kuma su ci wuta."

"Ka ba ni zuwa dawowar shanu. A share gaban caupal a watsa yashi. Duk wanda na kira zai sa takalman ya taka in gani."

Caudari ya dubi rana, ya dubi Rishal. "Zuwa dawowar shanu."

*

Shekara uku rabon Rishal da taka ƙofar shagon Hoshiyar. Daga nan ne ya ɗauko sawun ɗansa Jagpal wata safiya, sawu mai tangaɗi, ya bi shi har bakin babbar magudanar ruwa inda ya shiga bai fito ba.

Hoshiyar yana jera kwalabe. "Tau da kansa. In zuba maka ne, ko har yanzu fushi ake da ni?"

"Ka ba ɗan sanda kwalba jiya."

"Na ba rabin ƙauyen nan kwalba jiya. Zaɓe ake yi. Kai kaɗai ne ba ka karɓa."

"Wanda ya sa mai tsaro barci, shi ake fara tambaya."

Hoshiyar ya yi dariya har tumbinsa na girgiza. "In saci ƙuri'ar yayana in kai ina? Ai na matan ma ya fi kwantar mini da hankali. Tun mako guda na aika musu saƙo bakin rijiya. Na ce akwatinku daban yake, daban za a buɗe shi a ƙirga. In tulu ya haura ƙuri'a goma, kowane miji ya san aikinsa." Ya kashe ido. "Mace ba ta buƙatar kwalba, Tau. Tunasarwa kawai."

Rishal ya sauke ido ƙasa. Ƙafafun mutumin yake kallo yana zirga-zirga a bayan kanta. Manya ne, a warware kamar na agwagwa. Ko rabin ƙafar nan takalmin Sukai ba zai ɗauka ba.

Ya fito ransa a dagule. Ya so a ce Hoshiyar ne, ya kuma ji kunyar son da ya yi.

*

Masta Dinanat, malamin da aka turo daga birni ya shugabanci zaɓen, yana zaune a kan akwatin maza kamar kaza a kan ƙwai.

"Aikina ya tafi, Tau. Shekara ashirin da biyu."

"Masta, gaskiya ne akwatin mata daban ake buɗe shi a ƙirga?"

"Wa ya ce? A wurin ƙirga hatimi kawai ake dubawa. Sai a juye akwatunan gunduma duka cikin ganga ɗaya a cakuɗa, kafin a warware takarda ko guda. Ba mai sanin wadda ta fito daga ina."

"Ka gaya wa matan haka?"

"Ba wadda ta tambaye ni. Ko fuskarsu ban gani ba. Yatsu ake miƙo mini ta ƙarƙashin mayafi in shafa tawada."

"In akwatin ya dawo fa?"

"In hatimin bai taɓu ba, zan sa shi a mota in rubuta abin da ya faru, manya su yanke. Ka san inda yake?"

"Ban sani ba."

A lokacin gaskiya ya faɗa.

*

Rana ta take, ya kasa zama wuri ɗaya. Ya koma matoyar bulo ya dawo, ya zagaya makaranta, daga ƙarshe ya zube a kan caupal shi kaɗai, don maza duk suna can suna gadin Sukai. Ya ƙura wa lungun ido. Wani ne ya kwana a dakalin har ɓarawo ya kauce masa? Cikin wannan ruwa, ba mai yi.

Sai ga mata huɗu sun taho daga rijiya da tuluna a ka. Ya ja jikinsa bayan ginshiƙi. A ganinsu ba kowa a dakalin. Duk da haka suna isowa kusurwa ƙafarsu ta juya, suka ja mayafi, suka shige lungun ɗaya bayan ɗaya, hirarsu ma ba ta yanke ba.

Rishal ya miƙe tsaye.

Abin da yake gani kullum tun yana yaro, shi ya sa bai gan shi ba. 'Yar da aka haifa a Dulkera tana bi ta gaban caupal. Baƙo yana bi, leburan bulo yana bi, ɓarawo ma yana bi. Matar da aka auro daga wani gari ce kaɗai ba ta bi, ko da kowa ko ba kowa. Ranar da aka kawo ta ake nuna mata lungun, bayan shekara goma ƙafar ba ta sake neman shawarar kai. Gajeren takun nan kuma, mai nitsattsen diddige, a miƙe sak, na mai kaya a ka ne. Namiji a kafaɗa zai saɓa akwatin, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nutsewa.

To wace mace ce za ta san ta ari takalmin wani, ta kuma kashe sawu a kan bulo? Sai wadda ta yi shekaru tana jin mai bin sawu yana ba da labaran aikinsa daga bayan bango.

Ya nufi bakin tafki yana fatan ya yi kuskure. Nan kowane gida ke da tarin busasshen kashin shanu na girki, an gina shi kamar rumbu an yaɓe. Aikin mata ne, namiji ba ya kusanta. A jikin na gidansa, ta ɓangaren ruwa, akwai sabon yaɓe mai faɗin ƙofar tanda, bai ko bushe ba. Shaidar yatsu huɗu ce a kai, ƙaramin a karkace. Kullum yana ganin wannan karkataccen yatsa a kan abin da ake hura wutar abincinsa da shi.

Bai taɓa ba. Ya juya gida.

*

Murti tana yanka wa ɓauna ciyawa. Ya zauna a kan gadon igiya, bayansa a wajenta, ya kira ta yadda ake kiran matar ɗa.

"Bahu. Takalman sun yi miki yawa."

Wuƙar ta tsaya. Matar ɗa ba ta yi wa uban miji magana kai tsaye, don haka a shekara goma sha biyu da Murti ta yi a gidan, duk abin da za ta gaya masa ɓaunar take gaya wa, shi kuma ta kira shi Bapu, wato baba.

"Kali, ki ce wa Bapu ban san abin da yake faɗa ba."

"Kin bi ta bayan caupal."

Sai ta yi wata gajeruwar dariya marar daɗi. "Kin ji, Kali? Na tuna takalmi, na tuna bulo. Ƙafata ce ban tuna ba."

"Me ya sa?"

"Ni na bi su gida-gida. Ni na ce su buga wa tulu, ba mai gani, a rufe shagon nan kafin ya ci wani Jagpal ɗin. Mata ɗari biyu da wani abu suka yarda da ni. Sai Hoshiyar ya aiko da saƙonsa, wasu suka ji tsoro, na ce ƙarya yake yi. Jiya da muka gama, ɗaya daga cikinsu, Candro, ta kama hannuna tana kuka. Cikinta wata bakwai, Kali, kin kuma san hannun mijinta. Ta ce in gaskiya ne fa?"

"Ƙarya ce. Masta ya ce cakuɗa su ake yi cikin ganga. Ba mai sani."

Da ta yi magana muryarta ta dushe. "Masta zai hau mota ya koma birni. Mu ke kwana a nan. Ko gaskiya ya faɗa, in na fito da akwatin za su tambayi dalilin ɗaukarsa. Dalilin kuwa shi ne abin da ke ciki."

"Sukai fa?"

"Aro na yi na takalmi. Na ɗauka sawu zai ɓace a bulo a ce 'yan birni ne."

"Za su karya masa ƙafafu da dawowar shanu. Za su ƙona bukkoki."

"Shi ɗaya ne, su ɗari biyu." Ta ci gaba da yanka ciyawar da ƙarfi. "Ba zan fito da shi ba. Kali, ki ce wa Bapu taku biyu ne kawai ƙarƙashin daro, sauran an tattake. Ƙafa ɗaya ta isa ta share su."

"Shekara arba'in ban taɓa taka sawu ba. Na Jagpal ma ban taka ba. Na bi shi gaban mutane, na faɗa musu a buge yake, ɗana na cikina. Ba yau zan fara ba. In na share kuma, ba abin da ya rage sai takalmin Sukai."

"To ya kira sunana."

"Shi ma ba zan yi ba."

"To me zai yi?"

Rishal ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya yi ta yawo a gefen gonaki har inuwarsa ta fi shi tsawo.

*

Da shanu suka fara shigowa gari, ƙauyen kaf yana gaban caupal. An share fili an watsa yashi. An kawo Sukai an ɗaure jikin ginshiƙi. Galan biyun suna ajiye a kan matakala inda kowa zai gani.

Mutum huɗu Rishal ya kira, kowa ya sa takalman ya yi taku goma.

Udmi Ram ne farko. "Wannan takun fareti ne, ko da yake yau yana ɗan tangaɗi. Ba shi ba ne." Aka yi dariya.

Masta Dinanat ya taka a ɗarare. "Mutumin kwalta. Tsoron laka yake yi. Ba shi ba ne."

Hoshiyar ya tura yatsunsa, diddigensa a waje. "Cire, kada ka yaga wa talaka takalmi."

Aka kwance Sukai ya taka. Rishal ya tsuguna ya auna da sandarsa. "Takunsa ya fi wancan tsawo da taƙi guda. Yana jingina hagu, shi ya sa diddigen ya cinye har aka yi faci. Takalmin kuma daidai ƙafarsa, ba ya jan ƙasa. Wanda ya ɗauki akwati takalmin ya yi masa yawa. Ba Sukai ba ne."

Dariyar ta ɗauke.

"To wane ne?" in ji Caudari.

"Ba ya cikin huɗun nan."

"Ban tambaye ka wanda ba shi ba. Yini guda na ba ka. Takalmin nasa, sawu ya ƙare a ƙofar danginsa. In ba shi ya ɗauka ba, ya ba wani ya ɗauka. Ko dai idonka ya mutu, tsoho, kana jin kunyar faɗa?" Ya ɗaga haɓa. Samari uku suka fito da sanduna.

Rishal ya je ya tsaya gaban Sukai. Ya ji numfashin mutumin a ƙeyarsa.

"Matsa, Tau. Ba ma son taɓa furfura."

"Tsaya tukuna," in ji Hoshiyar, yana sosa gemu. "Me ka rufe da daro a lungun can? Me ma ya kai ɓarawo lungun mata?"

Kawuna suka juya. Kalma ɗaya ce Rishal zai faɗa, mace, Sukai ya tsira da ƙafafunsa, daga nan kuma a bi gida-gida. Ya buɗe baki, har yau bai san abin da zai fito ba.

Ƙarar mundayen ƙafa ce ta riga shi.

Mata ne, sun kai talatin, kowace mayafinta a sauke har ƙirji. Sun taho ta babbar hanya a cure wuri ɗaya, akwatin yana kan ɗaya a tsakiya. Suka iso kusurwar lungun. Layin gaba ya ɗan yi turus, kamar ƙafafun na gardama da masu su. Sai suka miƙe ta gaban caupal, suka hau yashin da aka share. Akwatin ya sauka daga wannan kai ya koma wancan, ya sake komawa wani, har aka dire shi gaban Masta Dinanat. Warin kashin shanu ya tashi.

Dadi Kitabo, wato Kaka Kitabo, wadda tsufa ya sauke wa mayafi tuntuni, ta dogara sandarta.

"A bakin tafki muka tsince shi, Zile. Ku sallami bawan nan, 'ya'yansa tun safe ba su ci komai ba."

Masta ya durƙusa yana shafa hatimin da yatsa. "Bai taɓu ba. Duka hatimai huɗun lafiya lau." Ya rungume akwatin, ƙazantar ta ɓata masa riga bai kula ba.

Samarin suka sauke sanduna. Sukai ya zame ya zauna a ƙasa yana kuka ba sauti.

Caudari bai yi murna ba. Ya dubi akwatin, ya dubi yashin da aka tattake, ya dubi matan da ke tsaye a inda uwayensu ba su taɓa tsayawa ba.

"Mai tsintuwa ba ya zuwa da mutum talatin, Dadi."

"Nauyi gare shi. Ƙuri'unka ne da yawa."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

"Rishal," in ji Caudari a hankali. "Takalmin ya yi wa ɓarawon yawa, in ji ka. Ya kuma bi ta lungu. Kowace za ta sa takalman nan ta taka. Je ka buɗe daron, mu gwada."

Rishal ya dubi matan. Fuska ko ɗaya ba a gani, amma shi ba ya buƙatar fuska. Ta uku daga hagu, tun daga kusurwa ya gane takunta. Ba ta ɓuya a baya ba. Hannayenta suna haɗe a gaba, ƙaramin yatsan a karkace.

Ya juya ya shiga lungun, maza suka dafo bayansa. Can nesa ana jin kukan motar sufeto tana fama da laka. Ya ɗauke dutsen, ya ɗaga daron. Taku biyun suna nan yadda ya bar su, gefensu a tsaye, har zaren facin ana gani. A shekara arba'in bai taɓa samun sawun da ya fi wannan faɗin gaskiya ba.

Ya daɗe yana kallonsa.

Sannan ya ɗora tafin ƙafarsa a kan na farko, ya ja ta a hankali har kan na biyu, ya murza.

"Me ka yi, Rishal?"

"Santsi," in ji shi. "Na tsufa, Caudari. Kai ma ka faɗa."

Ya ratsa ta tsakiyarsu ya koma fili, ya ɗauki takalman ya kakkaɓe yashin, ya ajiye su gaban Sukai.

"Sa abinka ka tafi gida."